Gidan tuwon Hajiya na Agege, inda nake tura baƙi su ci abinci

'Yan uwa masu saukowa Agege a nan Legas, musamman masu rako shanu zuwa kara da direbobin da ke kwana biyu kafin su samu lodin komawa, tambayarsu kusan ɗaya ce kullum, wai ina ne mutum zai ci tuwo a garin nan ya kwana lafiya. Ni dai amsata ba ta canzawa, gidan tuwon Hajiya da ke cikin lungunan bayan layin dogo. Ba allo ba suna, rumfar kwano ce da 'yan bencuna da tebura biyu, sai wani ɗan ɗaki a baya da ake ajiye kayan miya. Na jima ina ci a wurin, tun kafin jirgin ƙasan nan na Red Line ya fara ratsa Agege zuwa Oyingbo, don haka abin da zan faɗa gani na yi da idona, kuma da mai daɗin da mara daɗin duk zan faɗa.

Abincin tukuna. Da safe waina ce da miya da kuma shinkafa da wake da mai da yaji, da rana tuwon shinkafa da na masara, da dare ma haka. Miyar kukarta ita ce ta fi komai, daddawar daga gida ake aiko mata, ba ta cika mata magi har ya danne ɗanɗanon, kuma ba za ka taɓa tauna yashi a ciki ba, wanda duk mai cin tuwon kasuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka ce a ɗiga maka man shanu to ka gama. Busasshiyar kuɓewa ma ba laifi, taushe kuma sai ranar Juma'a, da kabewa da ɗan yakuwa. Tuwon shinkafar da laushi, ba gudaji. Shinkafa da miyar dage-dage kam gaskiya ba ta burge ni ba, tarugu ya yi mata yawa kuma mai yana kwanciya a sama, ina ganin saboda Yarbawan unguwa da ke shigowa take yin ta haka. Wanda ya zo don ita zai iya samun wadda ta fi ta a gaba kaɗan.

Kuɗi kuma ta fi maƙwabtanta tsada, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A yanzu malmala ɗaya 500 ce, yankan nama 500, mutum mai aikin ƙarfi in bai kashe 2,000 ba ba zai ji ya ci ba, alhali a bakin titi akwai inda 1,200 za ta cika maka ciki. Yara masu turin baro da 'yan gwangwan da yawa sun daina zuwa saboda haka, kuma ban ga laifinsu ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa lissafin aljihunsa yake. Amma ni na san abin da nake biya da wannan rarar, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Hajiya ba ta sayar da kwanannen abinci. Ba ɗumame a rumfarta, ko ka roƙa. Maimakon ta ɗora ƙatuwar tukunya da asuba a yi ta kwasa har dare, ƙananan tukwane take ɗorawa kashi-kashi, na safe daban na rana daban na dare daban, miya kuma tana kan garwashi tana tafasa a hankali har ta ƙare. Gawayi da gas suna cin kuɗi, ga wahala, a nan tsadar take. Mu da muka taso da ɗumame muna ganin ai in an ɗora a wuta ya yi zafi shi ke nan, to a gida da sanyin hunturu da tukunyar da aka rufe ba wanda ya sa hannu wataƙila a sha, amma a zafin Legas da danshinta, shinkafar da aka dafa da hantsi aka zuba a kula ana buɗewa ana rufewa har la'asar wani abu ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 ko a sa shi a sanyi ƙasa da digiri 5. Ita shinkafa ma tana da nata sharrin, akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba a ciki, kuma gubar nan ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Shi ya sa za ka ga mutum ya ci shinkafa da zafinta, ba tsami ba wari, bayan 'yan awanni ya kama amai ya ce ai sammu ne ko shawara ce ta taso masa.

A bakin shiga akwai bokiti mai famfo a kan kujera, da sabulu a ɗaure da igiya a jikin ƙafar kujerar don kar ya yi ƙafa, da roba a ƙasa tana tarar ruwan. Babu kwanon nan guda ɗaya da mutum goma za su tsoma hannu a ciki ruwan ya koma kalar miya. Wankin kwanuka baho uku ne a jere, na omo da na ɗauraya da na ƙarshe wanda take ɗiga masa maganin tsaftace ruwa, sannan a kife su a kan raga su tsane, ba a goge su da tsumma. Ruwan daga wurin 'yan ga-ruwa take saye kamar kowa, amma na girki da na ɗauraya sai an sa maganin an bar shi ya ɗan jima. Nama da sassafe ake kawo shi daga mayankar Oko-Oba, katakon yankan ɗanyen nama daban yake da na albasa. Tumatir kuwa in ta je Mile 12 ba ta sayen fasasshen nan da ake tarawa gefe a sayar da araha, na taɓa jin wani dillali yana mata tsiya wai ta cika iyayi tunda duk markaɗe za a yi, ta ce masa Alhaji in kai za ka ci a gidanka to ni ma zan dafa wa mutane.

Duk wannan a da ina kallonsa ne a matsayin halin mace mai tsafta kawai, sai da kwalarar 2024 ta zo. A tsakiyar watan Yuni, dab da babbar Sallah, kwamishinan lafiya na jihar Farfesa Akin Abayomi ya sanar cewa ana zargin mutum 350 sun kamu kuma 15 sun rasu, daga baya adadin ya ƙaru. Lagos Island ta fi shan wahala, sai Eti-Osa da Kosofe, kuma kar a manta Kosofe nan ne Mile 12 da Ketu inda mutanenmu suke dubbai. Jami'an lafiya suka ce wasu daga cikin waɗanda suka kamu a Eti-Osa sun sha wani kunun aya na roba da ba shi da rajistar NAFDAC. A satin nan Hajiya ta daina sayar da kunun aya da zoɓo gaba ɗaya, dama ba ita ke yi ba, wata mata ce ke kawo mata a robobin da aka sha lemo aka wanke, ta ce tunda ba ta san ruwan da aka tace ayar da shi ba kuma ba ta san ƙanƙarar da aka sa ba to ba za ta ɗauki alhakin kowa ba. Har yau ba ta dawo da shi ba, kuma ina kewarsa wallahi, amma kunun aya ba a dafa shi, duk abin da ke cikin ruwan yana nan ciki. A lokacin ne kuma ɗaya daga cikin yaranta ta wayi gari da gudawa, ta sallame ta gida ta ce kar ta dawo sai ta warke sarai, kuma ta biya ta kuɗin kwanakin. Wannan biyan shi ne maganar, don yarinyar da ta san in ta faɗa za a yanke mata kuɗi ba za ta faɗa ba, za ta daure ta yi ta zuba wa mutane miya.

Mu Hausawan Legas wannan matsalar ta fi shafarmu fiye da yadda muke ɗauka. Yawancinmu iyali suna gida, ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, wani a shago yake kwana wani a masallaci, ba murhu ba tukunya, safe da rana da dare a waje muke ci. Lafiyarka gaba ɗaya tana hannun mai abinci da mai shayi da mai tsire. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun nuna mutum miliyan 600 ne ke kwanciya ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma a Afirka kaɗai miliyan 91 ke kamuwa 137,000 su rasu. Amma mu in ciki ya ɓaci sai a aika yaro kemis ya sayo filajil da ja-da-yalo a haɗiye a koma aiki. Kwalara ba ta jiran wannan, in gudawar ta zama ruwa tsululu fari kamar ruwan wankin shinkafa tana iya ƙarar da ƙato a cikin awanni, abin da ke kashewa ruwan jiki ne da ke zubewa. Ruwan gishiri da suga ake fara ɗura wa mutum tun a ɗaki, in babu na leda a haɗa, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na suga a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti. A rumfar Hajiya akwai kwalin na ledar a kan kanta, duk wanda ya zo yana cewa cikinsa kyauta take ba shi ta kuma kora shi asibiti.

Yanzu ga abin da ya sa wasu ke gudun rumfar, don na san in ban faɗa ba wani zai faɗa ta wata fuskar. Wanda ke kula da wankin kwanuka da bokitin wanke hannu, wani lokacin ya miƙo abinci in an yi yawa, ƙanin Hajiya ne, kuma yana da lalurar taɓin hankali. Duk unguwa an sani. Na tambaye shi kafin in rubuta, ya ce Malam rubuta, ai ba sata na yi ba. Acaɓa ya zo yi Legas, yana samu har yana aika wa mahaifiyarsu, sai aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauran manyan wurare a Yunin 2022, bayan wata uku aka ƙara da su Oshodi da Mushin da Kosofe, babur ɗin da ya ci bashi ya saya aka kama shi. Dama yana ɗan shan tiramol don ya jure aiki kamar yadda yara da yawa ke yi, sai ya ƙara, barci ya ƙaurace masa, ya fara jin ana kiran sunansa cikin dare ana zaginsa, ya daina cin abincin kowa wai an sa masa guba har da na yayarsa. 'Yan uwa suka ce iska ce, aka mayar da shi Arewa aka kai shi wani gidan mari, ya yi watanni da sarƙa a ƙafa, tabon yana nan a idon sawunsa in ya naɗe wando zai yi alwala kana gani. Ya dawo ya fi da lalacewa.

Hajiya ce ta je ta ɗauko shi da kanta ta kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda 'yan Legas suka mayar da sunansa abin zolaya, alhali tun 1907 wurin yake yana karɓar irin waɗannan marasa lafiya. An kwantar da shi na ɗan lokaci aka sallame shi, yanzu allura ake masa wata-wata da ƙwaya da dare. Da farko maganin ya sa shi rawar hannu da yawan barci har kwano yana suɓuce masa, ta koma ta faɗa wa likita aka gyara masa, yanzu sai 'yar ƙiba da ya yi. Yana sallarsa a jam'i, yana azkar ɗinsa, malamin unguwa yana masa addu'a, maganin asibiti kuma bai fasa ba ko sau ɗaya tun da ya ga abin da ya faru lokacin da ya ji sauƙi ya ajiye da kansa ciwon ya dawo. In ba an faɗa maka ba ba za ka ce ga abin da ke damunsa ba, mutum ne mai shiru, in ka zo zama ba ka wanke hannu ba zai nuna maka bokiti ya ce Alhaji bismillah ga ruwa.

Wata rana ina zaune wani bawan Allah da babbar riga ya shigo, da yaron ya miƙo masa tuwo sai ya janye hannu ya ce Hajiya don Allah ki sa wata ta kawo min, ba wannan ba. Ta ce Alhaji me ya yi maka? Ya ce a'a an dai ce min ba shi da lafiya. Ta ajiye ludayi ta ce ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana shan maganinsa, kuma kaf rumfar nan har da ni babu mai wanke hannu kamarsa, in ba za ka karɓa daga hannunsa ba Allah ya ba ka haƙuri ga kuɗinka. Mutumin ya tashi ya fita. Yaron bai ce komai ba, ya mayar da tuwon ya koma kan bahonsa, can ya ce Yaya da kin bari an ba shi kawai. Ta ce ba za a ba shi ba. Raina ya ɓaci ranar sosai, don na san mutumin nan daga nan wurin wani mai abincin zai nufa wanda bai san yadda bayan rumfarsa take ba, kuma zai ci hankali kwance.

Abin da ke ci min rai ke nan da mu. Taɓin hankali ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a cokali ko a musabaha, haka farfaɗiya da muke gudun yawun mai ita ba ta yaɗuwa ta ko'ina. Taifot kuwa mutum zai iya warkewa ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar a jikinsa yana fitar da ita a bayan gida, lafiyarsa ƙalau da fara'arsa, in bai wanke hannu da sabulu ba duk wanda ya ci daga hannunsa yana cikin haɗari. Wancan muke gudu wannan kuma muke ce masa ƙaro miya. Ga wani abin kuma da ba kowa ya sani ba, ita kanta taifot in ta yi tsanani tana sa mutum sambatu da ruɗewa har ya kasa gane mutane, likitocin ƙasar nan sun san da haka, sai ka ga an ce aljanu ne an tafi wurin hayaƙi da turare alhali hanji ne ke neman hujewa. Duk wanda ya fara surutai tare da zazzaɓi mai zafi asibiti za a fara kai shi.

Kuma lalurar ƙwaƙwalwa ba sai mutum ya tuɓe ya shiga kasuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani nau'inta, mafi yawa ciwon damuwa ne da fargaba. Ku duba ɗakunanmu a nan Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, yaro ya baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga, ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ya zo nan ba aiki tsayayye, gida ana ta waya a turo, ba ya barci, ya daina hira, mu kuma sai mu ce ya cika zurfin ciki ko ya yi tawakkali mana. Daga nan sai ƙwaya. Rahoton bincike na 2018 kan shaye-shaye a Najeriya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi, a shekarar ne ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar gaba ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Dokar da ake aiki da ita a kan lalurar ƙwaƙwalwa ma ta 1958 ce har sai da Buhari ya sa hannu a sabuwa a Janairun 2023, wadda ta ba marasa lafiyar haƙƙi a kan yadda ake mu'amala da su. Kuma duk mun tuna Rigasa a Kaduna a 2019 da aka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, da yawansu da mari a ƙafa. Asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa akwai su, ga Dawanau a Kano, ga Barnawa a Kaduna, ga Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri, ga Aro a Abeokuta nan kusa da mu, amma har yanzu asibiti shi ne wuri na ƙarshe da muke tunawa, bayan an sayar da akuya da gona an kai inda ba a samu komai ba.

Akwai wasu bayin Allah masu irin wannan lalurar da ke kwana gefen layin dogo da ƙarƙashin gada, ba mai nemansu. Su ne ke tonon bola su ci, su sha ruwan kwata, kuma masu abinci da yawa in shinkafa ta fara yauƙi ko miya ta yi tsami su ake kira a juye wa a leda a ce sadaka. In amai da gudawa ta kama irin wannan wa zai kai shi asibiti, wa zai haɗa masa ruwan gishiri da suga, sai dai a wayi gari a ga an rufe shi da kwali. Kuma inda ya zaga nan ruwan sama zai kwasa ya kai rijiyar unguwa. Hajiya tana da mutum biyu ko uku da ke zuwa bayan rumfa bayan azahar, daga tukunyar da aka zuba min ake zuba musu, da zafinsa, da ledar fiya-wata. Ƙanin nata ne ke kai musu, ya tsuguna ya zuba musu ruwa su wanke hannu, akwai wata tsohuwa a cikinsu da ba ta yarda da kowa sai shi. Na ji Hajiya tana cewa abin da ba za ta iya sa wa a bakinta ba ba za ta nemi lada da shi ba. Wasu kwastomomi ba sa son ganinsu ko daga nesa, ni kam wannan yana cikin abin da ya sa nake ƙara kai kuɗina wurin.

Sai laifuffukan, kuma ba ƙanana ba ne. Kwatar da ke gaban rumfar a buɗe take, da damina in aka yi ruwa mai ƙarfi tana tumbatsa har ƙarƙashin benci, ƙudaje kuma ba a magana duk da tana rufe tukwane tana kunna fanka. Ta sa an ɗora katakai a kai amma wannan ba magani ba ne, aikin duk masu rumfunan layin ne su haɗa kuɗi a yashe a rufe, an yi ta magana ba a yi ba. Babu banɗaki, sai na kuɗi da ke can ƙarshen layi wanda buta ce kawai ba sabulu, nan ma'aikatanta ma suke zuwa, abin da ya cece su bokitin bakin ƙofa ne da idon ƙaninta. Yarinyar da ke zuba abinci in an yi cunkoso ita ce kuma ke karɓar kuɗi ta ba da canji ta koma ta ɗauki malmala, na yi wa Hajiya magana ta ce Malam gaskiyarka za a gyara, an gyara na kwana biyu an koma. Ya kamata a ce mai kuɗi daban, ko a matsa wa mutane su yi tiransifa tunda akwai POS a gefe. Tuwon kuma a farar leda ake naɗe shi da zafinsa kamar ko'ina, ni ba na so, in ka ce a kwasa maka kai tsaye daga tukunya za a yi amma sai ka jira. Wurin zama ya yi kaɗan, da rana sai ka tsaya a kan wani yana ci, mata kuma ba su da gefensu, yawanci saye suke su tafi. Yajin da ke kan tebur ma a buɗaɗɗen kwano yake kowa yana sa yatsa, wannan da gwangwani mai huji an gama da shi.

Wanda zai je ya sani tunda ba ta dafa da yawa abinci yana ƙarewa da wuri, na rana in ka wuce ƙarfe biyu da rabi sai sa'a, na dare kuma ana idar da isha'i ake wanke tukwane, taushen Juma'a ana saukowa masallaci yake tafiya. In za ka saya ka tafi da shi ka zo da kularka, don tun da jihar ta hana farar robar nan ta tekawe a Janairun 2024 ba ta ajiye ta, mai murfin kuma sai ka ƙara kuɗi, kuma za ta ce maka ka ci yanzu kar ka ajiye sai dare. Sau ɗaya a wata ba ta yin abincin safe saboda ita ke raka ƙaninta Yaba ganin likita, takan faɗa tun ana gobe, ranar sai azahar ake samun tuwo.